Shekarar da Muka Koya wa Waya Bin Layi

Labarin da kuke ba wa junanku a kaina ya iso ni, ku na Kano da ku na Kaduna, wai Baba ko lambar waya bai iya ajiyewa ba sai an ajiye masa. Ban musa ba. Amma tunda ku kuka matsa sai na rubuta tarihina, kuma na riga na gama da maganar haihuwata da ajin nan huɗu da na yi kafin mahaifina ya ce bokon ta isa haka, to yau zan gaya muku abin da ba a gaya muku ba. Ubanku yana cikin mutanen da suka ƙera manhaja a ƙasar nan. Ba sai na fassara muku manhaja ba, kun fi ni sani. Ni dai abin da na gane, ita ce hankalin da ake zuba wa waya don ta san abin da za ta yi. Wanda yake shakka ya tambayi ƙanwarku Zinatu, amma ya tambaye ta ina wurin.

Abin daga gayya ya faro. Ku da kuka tashi kuka tarar da maganin feshi kuna ganin gayya tsohon yayi ce, amma mu a ƙauyenmu na ƙasar Fassi har gobe muna yi, domin dawa da wake muke haɗawa a kunya ɗaya, in ka fesa wa ciyawa magani waken ne zai riga ta mutuwa. Gidajen unguwarmu ne da na tsallaken rafi ta wajen Durba, tun zamanin kakanni ake zagayawa, yau gonar wannan jibi ta wancan. A yi noman firi a zagayo, ciyawa ta sake tasowa a yi maimai a zagayo. Mai gona nasa tuwo da fura da goro, saura nasu fartanya. Shi kuwa marigayi Bawa Makaɗi nasa ganga. Kowane gida yana da takensa, kuma take ba ƙaramin abu ba ne. Bawa zai fara da mai gidan da yake raye, ya kaɗa ya kira sunansa da baki, sannan ya koma kan ubansa, sai can a ƙarshe ya ɗan ja numfashi ya kira kakan da ya sari dajin ya mai da shi gona. A wannan gaɓar ce za ka ga samarin gidan sun haukace, ƙasa tana tashi a bayansu. Bawa bai taɓa yanke take a tsakiya ba. Ko hadari ne ya taso, sai ya kai kan kaka kafin ya rataya gangarsa ya gudu. Har Liman, da ba ya son kiɗa ko na turmi, bai taɓa cewa komai a kan gangar noma ba, wataƙila saboda gonarsa tana cikin zagayen.

Da hannun Bawa ya fara rawa saboda tsufa, Zinatu tana sakandare a lokacin, ita ce ta zaunar da shi a zaurenmu ta ɗauki takunan nan ɗaya bayan ɗaya da wayar yayanta, har da wani kiɗan noma na kowa da kowa wanda ba na gidan kowa ba. Da Allah ya yi masa rasuwa ba wanda ya gaje shi, ɗansa ɗaya yana acaba a Rurum, ɗayan ko gangar ba ya son gani. Sai muka koma rataya lasifika a reshen ɗorawa, wayar kuma a sa ta cikin ƙwarya a gindin bishiya kusa da randar ruwa. Muryar Bawa ce, hannun Bawa ne, abu ɗaya kawai ya ɓace, wato ladabin Bawa. Waya ba ta da kunya. Duk wanda ya zo shan ruwa ya dangwala mata yatsa, nan take za ta watsar da abin da take faɗa ta kama nasa, ko da a tsakiyar sunan uban wani take.

Mun yi ta lallaɓawa haka ana ƙunƙuni, har shekarar da nake ba ku labari, ranar maimai a gonar Alhaji Mudi. Ƙananan cikinku ba su san yadda muke da Mudi ba. Ɗan gwaggona ne, taubashina, ni ɗan namiji shi ɗan mace, saboda haka bawana ne ko ya je Makka sau nawa. Shi kuma tun muna samari bai taɓa kirana da sunana ba sai Aji-Huɗu. Gidansa ya fi kowane gida maza a tsallaken rafi, kuma duk inda ya juya sauran gidajen can suke juyawa. To rannan ana cikin taken gidansu, an gama da Mudi, an gama da mahaifinsa, Bawa ya ja numfashin nan zai kira kakansu Jatau, sai Lawan ɗan ƙanina, mutum da matarsa da 'ya'yansa, ya zo shan ruwa ya ga waya a ƙwarya ya dangwala. Jatau bai fito ba. Abin da ya fito a madadinsa taken gidanmu ne, da sunana a gaba.

'Ya'yan Mudi suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka dogara fartanyoyinsu. Ba wanda ya yi zagi. Mudi ya tako a hankali har inda nake tsaye, ya ce,

"Garba, wasan taubasai da ni ake yi, ba da Jatau ba."

Da na ji Garba a bakinsa na san magana ta ɓaci. Aka kashe lasifika, aka ƙarasa gonar shiru kamar ana haƙa kabari, tuwon ma da ƙyar aka taɓa. Washegari saƙo ya zo cewa mutanen tsallake ba za su ƙetaro rafi ranar maimaina ba. Gonata ce ta ƙarshe a zagayen, kuma kun san ta, ita ce babbar nan ta bakin rafi inda ciyawar harkiya take tsirowa kamar ana yi mata ban ruwa. Ni ga ciwon ƙugu. Ku kuma kuna birni kuna turo mini gaisuwa ta waya, gaisuwar da ban taɓa ganin ta cire ciyawa ko tsinke ɗaya ba. Rabin hannaye ba za su iya da gonar nan ba, kuma in maimai ya wuce lokacinsa, to dawar shekarar ta tafi.

Na ɗauki goro na je ban haƙuri. Mudi ya karɓi goron, har ya ɓare ɗaya a gabana. Ya ce ya san Lawan ba da gangan ya yi ba, ya san shi tun yana yaro hannunsa ya fi kansa sauri. Amma shi ba zai sake kai sunan kakansa inda kowane yatsa zai iya yanke shi ba. Na ce to a yi gayyar ba kiɗa. Ya ce noma a gonar wani ba kiɗa ai ƙwadago ne, 'ya'yansa kuwa ba 'yan ƙwadago ba ne. Na dawo gida da sauran goro a aljihu da wannan magana a kaina.

A lokacin Zinatu tana gida hutu daga makarantar da take karatun kwamfuta. Na san ta haɗa wata 'yar manhajar saurare a matsayin aikin makaranta, domin ta sa mini ita a waya ina jin karatu da ita, kuma da ita muke sa takunan gayya. Kullum da hantsi in ta karɓo kwamfutarta daga wurin mai caji sai ta zauna a rumfa tana ƙwanƙwasawa. Sai na sa aka shimfiɗa mini buzu a tsakar gida, na sa hula, na aika a kira ta, ko da yake tana kallona daga inda take. Innarku tana gefe tana tsince wake, kunnuwanta duka biyu a wurinmu. Na dubi Zinatu na ce,

"Wannan abin naki, ke kika ƙera shi ko aro kika yi?"

"Ni na rubuta shi, Baba."

"To me ya hana ki koya masa ladabi?"

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa ban yi ba. Na yi mata bayani dalla-dalla: ina son in mutum ya taɓa take, wayar ta ce masa ta ji, amma ya dakata, akwai wanda yake magana. In wancan ya kai kan kaka, sannan nasa ya shigo. Ta ce wannan ai layi ne, manyan manhajojin duniya duk suna da shi, ita ce dai ba ta sa a tata ba, kuma za ta iya sawa. Na ɗan ji ba daɗi da na ji an riga ni tunanin, amma na ce ba komai, su ma wataƙila wani Lawan ɗin ne ya same su.

Ni na ɗauka aikin yini ɗaya ne, ashe waya ta fi jariri buƙatar bayani. Komai sai an gaya mata, ba ta cika ko gurbi ɗaya da hankalinta. Zinatu ta riƙa zuwa da tambayoyi, ni kuma ina yanke hukunci daga kan buzu kamar alƙali. In mutum ya danna take ɗaya sau biyu fa? Na ce baki ɗaya rabo ɗaya, sai an kaɗa shi ya fita sannan ya sake shiga. In layi ya ƙare ba kowa fa, ta yi shiru? Na ce gona ba ta shiru, ta sa kiɗan nan na kowa da kowa har wani ya zo. Wani zai iya cire taken wani daga layi? Na ce ko Hakimi ne a'a. In aka kira salla fa? Wannan Innarku ce ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce a tsayar, in an idar ta ɗora daga inda ta tsaya, kamar yadda mace take sauke tukunya ta mayar. Zinatu ta ce wannan ita ce amsa mafi kyau da ta samu, abin da har yau nake ganin son kai ne irin na 'ya da uwa.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Wayar ta kaɗa taken gidan Ladan, ta gama, ta sake kaɗa shi, ta gama, ta sake, har kajin gidan nan suka haddace sunan kakan Ladan. Zinatu ta yi kwanaki tana harare-harare da kwamfuta, tana magana da ita ƙasa-ƙasa da kalmomin da ban koya mata ba. Na ba ta shawara ta bar na'urar ta huta ta sha iska. Daga baya ta gano wai in take ya ƙare ba ta gaya wa layin ya matsa gaba ba, shi ya sa na gaba yake ta maimaita kansa. Na ce na san mutane irin wannan.

Da layin ya fara tafiya daidai, sai na kawo maganar da na ajiye. Na ce duk wannan ya yi, amma ba a taɓa yi ba a ce dattijo ya tsaya a bayan yaro. Ko a wurin alwala ana matsa mana. A ƙara wani maɓalli na manya, wanda in babba ya danna, nasa ne zai biyo bayan wanda ake kaɗawa, ba yankewa amma ba jira. Zinatu ta ce shi ma akwai shi a duniya kuma ba shi da wuyar sawa, sai dai tana jin tsoronsa. Innarku ta ce,

"Malam, a garin nan wa ka sani da ya yarda shi ne ƙarami?"

Na ce mata wannan magana ce ta masu ilimi, ta ci gaba da wakenta. Aka sa maɓallin, ja, a gefe.

Muka gwada shi a zaure bayan la'asar. Na kira Malam Idi Ladan da Ɗanjuma Maƙeri, dukkanmu furfura ta gama da mu, sai Lawan a matsayin talaka. Lawan ya fara sa taken gidan surukansa a layi yadda ya kamata. Ladan ya danna ja, nasa ya haye kan na Lawan. Maƙeri ya danna, nasa ya haye kan na Ladan. Ni ma na danna, nawa ya haye kan kowa. Ladan ya leƙa ya ga shi da ya riga mu dannawa shi ne ya koma ƙasa, ya ce ba a yi adalci ba. Zinatu tana bakin ƙofa ta ce haka abin yake, duk wanda ya danna daga baya shi ne a gaba, tunda kowa cewa ya yi nasa ne na gaba. To da dattawan nan suka gane haka, sai wasa ya canza. Kowa ya ƙi dannawa, ya ɗaga yatsa a kan wayar yana jiran Bawa ya kusa kai ƙarshe don ya zama shi ne na ƙarshen dannawa. Ku yi tunanin tsofaffin yatsu uku suna shawagi a kan waya ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Daga nan aka koma gardamar wa ya girmi wa, har aka kai ga wanda aka riga yi wa kaciya. Ladan saura kaɗan ya makara kiran magariba. Shi kuwa taken surukan Lawan yana nan a layi tun la'asar, bai ko motsa ba.

Zinatu ta ce akwai dabara, a rubuta wa wayar shekarun kowa ta riƙa jerawa da kanta. Na shiga tunanin yadda zan je in tambayi Mudi shekarunsa. Ni da shi tun muna yara muke gardamar wanda ya riga zuwa duniya, kuma matan da suka san gaskiya duk sun rasu. In na kai masa wannan, ba maimai ba, ko gaisuwar salla sai ta tsaya.

Washegari da safe na kira ta na ce ta cire jan nan. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce,

"Baba, in na cire, har da kai fa. Ko a gonarka ba za ka tsallake kowa ba."

Ta san abin da take faɗa. A zamanin Bawa taken mai gona shi ne yake buɗe gayya, kuma tun da na gaji gonar bakin rafi ba a taɓa sa fartanya a cikinta ba sai an kira mahaifina Sale da kakana. Na tambaye ta, don neman ilimi kawai, ko za a iya barin wata 'yar ƙofa ta baya wadda ni kaɗai na sani. Ta ce za a iya, ko yau. Na ce ta ba ni zuwa azahar. Na zagaya bayan gida, na duba awaki, na dawo. Abin da ya tsaya mini shi ne na san Mudi. Zai kalle ni cikin ido ya tambaye ni ko akwai yatsan da ya fi wani a wurin wayar nan, kuma ina son in ce babu ba tare da na kalli ƙasa ba. Na ce ta cire duka, ƙofar gaba da ta baya. Rannan na ga Innarku ta sa mini nama biyu a miyata.

Na hau acaba na tsallaka rafi da waya da lasifika. Na sa taken gidan Mudi a ƙofar gidansa na ce masa ga shi nan, ya yanke in ya iya. Ya dangwala nan, ya dangwala can, ya kira 'ya'yansa kowa ya gwada, har wani jikansa da ake ce wa gwanin waya. Duk abin da suka taɓa sai ya gangara ƙasa ya bi layi, Bawa kuwa yana ta tafiyarsa har ya ja numfashi ya kira Jatau, sunan ya fita cikakke har maƙwabta suka leƙo. Mudi ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce,

"To wa zai fara?"

"Wanda ya riga isa gona."

"Har kai?"

"Har ni."

"To, Aji-Huɗu, sai ka kwana a can."

Bai ce zai zo ba, cewa ya yi zai duba. Amma sunan tsokanata ya dawo bakinsa, na hau acaba da shi.

Ranar maimai na yi niyyar in riga kowa. Sai dai mai gayya ba ya mallakar safiyarsa. Goro bai iso ba, itacen da aka kawo wa mata ɗanye ne, ƙuguna kuma ya zaɓi ranar ya riƙe. Na tura Lawan da waya da lasifika tun da aka fito daga masallaci, hankalina kwance cewa ɗan gida yana can. Da na isa rana ta ɗan ɗaga, sai na tsaya a bakin gona ina murza ido. Mutanen tsallake sun zo, Mudi yana zaune a gindin ɗorawa da carbinsa kamar shi ne mai gonar. Mutanen unguwarmu sun zo. Har waɗanda suka yi shekaru suna aiko da uzuri sun zo, domin labari ya bazu cewa wanda ya riga zuwa shi ake fara kaɗa wa, kuma ba gidan da yake son a ce shi ne na baya. An ce wasu da raɓa a ƙafar wando suka iso. Na leƙa ƙwarya na ga layi ya yi tsawo har sai an ja shi da yatsa. Na ja, na ja, ina neman gidanmu, babu. Na kira Lawan. Ya sunkuyar da kai ya ce shi tun abin da ya faru ya yi rantsuwa yatsansa ba zai sake taɓa taken gidanmu ba. Na sa da kaina a gaban jama'a, ya gangara can ƙasa ya zauna a bayan kowa.

Taken su Mudi ya zo da hantsi. Ana tsakiyarsa wani mutumin unguwarmu da ya makara ya nufi ƙwarya kai tsaye, bai san dawan garin ba, ya miƙa yatsa. Na ga fartanyoyi sun tsaya a sama. Ya dangwala. Ganga ba ta ko yi tuntuɓe ba, Bawa ya ja numfashinsa ya kira Jatau, 'ya'yan Mudi suka kwasa a guje cikin kunyoyi har sai da na ce a yi hankali da wake. Mudi bai kalle ni ba, carbinsa kawai ya ƙara sauri.

Daga nan ne na ga wata sabuwar matsala. Layi yana raguwa, amma ciyawa ta fi shi saurin raguwa. Hannaye sun yi yawa, kuma kowane gida yana son ya nuna kansa in an zo kan nasa. A rayuwata ban taɓa addu'ar noman gonata ya yi jinkiri ba sai rannan. Na ce a dakata a sha fura, aka ce sai an jima, ba wanda yake son takensa ya same shi a zaune. Na ce akwai wani lungu can wajen rafi da ban ga an taɓa ba, aka ce an gama shi tun ɗazu. Na bi bayansu ina nuna ciyawar da aka tsallake, yara suka riƙa tsinke ta da hannu kafin in rufe baki. Ana cikin taken da yake gaban nawa aka kai ƙarshen kunyar ƙarshe. Gona ta yi fes, dawa ta tsaya ita kaɗai da wakenta, ni kuma na tsaya ina kallonta ban san ko murna zan yi ba.

Mata suka iso da akusa a ka, Zinatu a cikinsu. Aka zauna a inuwar ɗorawa, aka wanke hannu, aka buɗe tuwo, kowa ya kai loma ta farko. A daidai nan ganga ta juya, muryar Bawa ta kira sunana. Zinatu ta dube ni ta rufe baki da mayafi. Bawa ya wuce kan mahaifina, yana kiransa Sale mai raba dare da gona, wanda ba a taɓa gani a zaune ba, ga kuma maza reras a zaune suna siɗe hannu. Lawan ya miƙe zai tsayar da ita, Mudi ya daka masa harara da tuwo a bakinsa, ya yi masa nuni ya zauna. Ya haɗiye, ya ce,

"Bar shi ya kai ƙarshe. Kawu Sale ya ciyar da mu yana raye, ga shi yau ma a kan akushinsa muke."

Aka bar ganga ta ci gaba har Bawa ya kira kakana. Na ga wasu tsofaffi suna taunawa daidai da bugun ganga. Ni dai na ce hayaƙin ɗanyen itacen nan ne ya biyo tuwon ya shiga mini ido. Da aka gama Mudi ya siɗe yatsa ya ce bai taɓa cin tuwon da ya faɗa masa ciki daidai kamar wannan ba, ya kamata a riƙa yi kullum. Mudi, bawan nan nawa, da wasa ya faɗa, amma jama'a suka ɗauka.

Dawar shekarar sai da na ƙara rumbu. Zinatu ta koma makaranta ta nuna wa malaminta layin, aka ba ta maki mai kyau, kuma na bincika an tabbatar mini ba a rubuta sunana a ko'ina ba. Gayya tana nan, yanzu ma ta fi da cika, kuma ba a sake yanke kakan kowa ba. Sai dai tun daga rannan, a kowace gona aka je, ko da ni na riga kowa zuwa, sai a roƙe ni in dakata da namu, a sa shi in an ga mata sun doso da akusa. Ba a buɗe tuwo sai ya fara. Mahaifina da ya yi suna da fartanya, yau yara in sun ji takensa cikinsu ne yake kuka, kuma ni da bakina na sa aka cire maɓallin da zai cece shi. Saboda haka in kun kawo jikokina gida kuka ji ana ce musu 'yan gidan taken tuwo, kada wanda ya yi faɗa. Ku nemi ruwa ku wanke hannu.